Amfilifaya mai wat 200 ta yi mini girma: wace ƙarama zan saya?

Tambaya: Ina da amfilifaya mai wat 200 a kowane ɓangare, irin wadda ba ta da maɓallin ƙara murya, sai an haɗa ta da firi'am, wato na'urar da ake sawa a gabanta mai ɗauke da maɓallin. Ga nauyi, ga zafi, ga cin wuri, kuma yanzu na koma ɗaki ƙarami. Sifikokina an rubuta musu 87 dB da om 6, kuma ina zama kamar mita 3 daga inda suke. Ina son in koma ƙarama, amma ina tsoron mai wat 50 ko 60 ba za ta iya da su ba. Me ya kamata in duba?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Da irin sifikokin da ka faɗa da tazarar da kake zama, amfilifaya mai wat 50 zuwa 60 za ta ishe ka, bisa sharaɗi biyu: wat ɗin su kasance na gaskiya ba na jikin kwali ba, sannan ta kasance ba ta durƙushewa idan aka ɗora mata sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tirje wa wuta). Sai dai ba na son ka ɗauki maganata haka kawai ka tafi saye, domin akwai hanyar da za ka auna da hannunka ka san adadin wat ɗin da kake ci a ɗakinka. Zan kawo ta a gaba. Bari mu fara da abin da ke sa mutane tsoron ƙaramar lamba.

Kunne ba ya jin wat yadda ido ke karanta su a takarda. Idan ka ninka ƙarfin wuta sau biyu, daga wat 50 zuwa 100, abin da ya ƙaru a sauti desibel 3 ne kacal. Desibel 3 kuwa ɗan murɗa maɓalli ne: za ka ji an ƙara, amma ba za ka ce abin ya ninka ba. Kafin kunne ya yarda cewa sauti ya ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wat ninki goma. Ka ga ke nan tsakanin amfilifayarka mai 200 da mai 50 desibel 6 ne, tsakaninta da mai 100 kuma 3. Kuma wannan bambancin yana can ƙololuwa ne, inda aka buɗe ta har ƙarshe. A ƙasa da nan, idan dukansu suna ba da wat 2, to wat 2 ne, babbar ba ta da wani ƙarin ƙarfi da take zubawa a ɓoye.

Lambar da ta fi wat muhimmanci ita ce wadda ka riga ka kawo, 87 dB. Ma'anarta, idan aka ba sifikar bolt 2.83 aka tsaya mita 1 a gabanta, za ta fitar da sauti mai ƙarfin desibel 87. An zaɓi bolt 2.83 ne domin shi ke ba da wat 1 daidai a kan om 8. A kan om 4 wat 2 ne, a kan naka om 6 kuwa wat 1 da sulusi. Wannan ƙaramin bambanci ne a wajenka, amma ka riƙe shi, domin wasu kamfanoni na fakewa da shi su nuna sifikarsu mai om 4 ta fi sauƙin turawa alhali ninki biyu na wuta take sha.

Yanzu mu kai lissafin kujerarka. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, sauti na raguwa da desibel 6, don haka mita 3 na cin kusan desibel 9 da rabi. Amma kai ba a fili kake ba. Sifika biyu ne ke aiki tare, wannan ya dawo maka da kusan 3. Bango da rufi da daɓe suna mayar da sauti, su ma sun dawo da kamar 3, ko fiye idan ɗakin ƙarami ne mai ƙarancin labule da kujeru. Abin da ya rage, wat 1 a kowace sifika zai kai maka kimanin desibel 83 a inda kake zaune. Desibel 83 ba ƙaramin sauti ba ne. A wannan ƙarfin sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka da kyau. Yawancin masu sauraro a gida suna tsakanin 70 da 80 ne a matsakaici, wato a wajenka rabin wat ko ƙasa da haka.

To in rabin wat ya isa, ina amfanin 50? Amfaninsu shi ne kiɗa ba ya tafiya a miƙe. Bugun ganga, tsinkar tsirkiya, bugun maɓallin fiyano, duk suna zabura sama da matsakaicin sautin na ɗan ƙiftawar ido, sannan su sauka. A waƙoƙin zamani da aka matse a situdiyo, wannan zaburar ba ta cika wuce desibel 8 zuwa 12 ba. A rikodin da aka bar shi da numfashinsa, kamar kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa ko jaz, tana kai 15 zuwa 20. Saboda waɗannan ƙiftawar ake sayen wat. Idan kana sauraro a matsakaicin 80 kuma zaburar ta kai 15, ƙololuwarka 95 ce, desibel 12 sama da abin da wat 1 ke ba ka, wato wat 16. Idan zaburar 20 ce, ƙololuwar 100, kana buƙatar wat 50. Nan ne amsata ta fito.

Ga inda lissafin ke juyewa, kuma gara in faɗa maka tun yanzu. Idan kai mai buɗe kiɗa ne sosai, matsakaicinka 85, kuma irin rikodin mai zaburar 20 kake so, ƙololuwar ta zama 105, buƙatar ta haura wat 150. Ƙarin desibel 5 kawai ya ninka wat fiye da sau uku. Haka kuma idan kana ƙara bes da desibel 6, ko da maɓalli ko a manhaja, ka ninka buƙatar wuta sau huɗu a wannan yankin. Mutane da yawa sukan ce amfilifayarsu ta gaza, alhali bes ɗin da suka ƙara ne ya cinye ta. Kuma tunda maganar 85 ta taso: hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A 88 awa 4, a 91 awa 2. Kunnen da ya lalace ba ya gyaruwa, kuma ba na jin daɗin ganin mai son kiɗa yana sayen wat ɗin da za su raba shi da jin kiɗan.

Don ka ga yadda sifika ke yanke hukunci fiye da amfilifaya, dubi waɗannan biyu. Klipschorn, babbar sifika mai siffar ƙaho da Paul Klipsch ya fara yi a Amurka a 1946, tana ba da kimanin desibel 105 da wat 1. Ƙaramar LS3/5a da BBC ta tsara a Ingila a shekarun 1970 tana wajen 83. Tazarar desibel 22 ce, wato abin da wat 1 zai yi a ta farko, sai an ba wa ta biyun fiye da wat 150 a lissafi kafin ta yi shi, ita kuwa ba za ta ma iya ɗaukar wannan wutar ba. Akwai ƙa'idar da ake dangantawa da Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da sauƙin turawa, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. Shi ya sa nake gargaɗin duk wanda ya koma ƙaramin ɗaki: idan wata rana ka canza zuwa ƙananan sifikoki, kada ka ɗauka za su fi cin wuta kaɗan. Sau da yawa akasin haka ne. Mai 84 dB tana buƙatar ninki biyu na abin da taka mai 87 ke buƙata.

Duk abin da na lissafa kintace ne, gani kuwa ya kori ji. Ga yadda za ka auna, tun babbar amfilifayar tana hannunka. Kana buƙatar mita irin ta masu gyaran lantarki, mai batir, da fayil ɗin sautin gwaji guda ɗaya, miƙaƙƙen sauti na kimanin hatz 120 (hatz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya) wanda aka yi shi desibel 12 ƙasa da cikar ma'aunin dijital. Manhajojin gyaran sauti na kyauta suna iya haɗa maka shi. An zaɓi ƙaramin hatz ne domin mitoci masu araha sun fi faɗin gaskiya a kusa da hatz 50 ko 60 na wutar gida. Da farko saka waƙoƙinka, har da waɗanda aka naɗa a hankali da kake ƙara musu murya, ka kai maɓallin inda ka fi kaiwa ranar da kake cikin nishaɗi. Tsayar da waƙar, kada ka ƙara taɓa maɓallin, ko na firi'am ko na kwamfuta. Saka sautin gwajin, juya mitar zuwa bolt na AC, ka ɗora bakunanta biyu a kan ja da baƙi na bayan sifika ɗaya, ka kula kada ƙarfe ya haɗa su. 'Yan daƙiƙoƙi sun isa.

Lambar da ka gani, ninka ta da kanta, sannan ka ninka sakamakon sau biyu. Abin da ya fito shi ne wat ɗin da kake buƙata a ma'aunin om 8. Dalili: desibel 12 ninki huɗu ne a bolt, don haka mafi girman abin da kowace waƙa za ta iya nema a wannan matsayin maɓallin shi ne ninki huɗu na abin da ka auna. Idan ka ga bolt 2, wat 8 ne. Bolt 3, wat 18. Bolt 4, wat 32. Bolt 5, wat 50. Bolt 7, kusan wat 100. A irin ɗakin da ka kwatanta, zan yi mamaki idan ka wuce bolt 4. Duk abin da ka samu, ƙara masa rabi ko ka ninka shi don samun sarari, wannan ce lambar da za ka shiga kasuwa da ita.

Sai maganar wat na gaskiya. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 kamfanoni sun yi ta gasar kumbura lambobi, har hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta kafa doka a 1974 cewa duk mai tallar ƙarfin amfilifayar gida sai ya faɗi ƙarfin da take iya riƙewa ba yankewa, a kan om nawa, daga wane hatz zuwa wane, kuma da gurɓatar sauti kashi nawa. Har yau wannan ne ma'aunin da ya kamata ka nema, ko a ina aka ƙera na'urar. Bayani mai gaskiya yakan zo kamar haka: wat 60 a kowane ɓangare, a kan om 8, ɓangarorin biyu na aiki tare, daga hatz 20 zuwa 20,000, gurɓata ƙasa da kashi 0.1 cikin 100. Idan aka ce maka wat 300 aka yi shiru, ko aka rubuta PMPO, wato lambar talla ta ƙololuwar ƙarfi, ko ka duba ƙananan rubutu ka ga an auna ne da ɓangare ɗaya a kan om 4 da gurɓatar kashi 10, to wannan ba lambar da za a yi lissafi da ita ba ce. Gurɓatar kashi 10 kowa zai ji ta, ba wanda ke sauraron kiɗa a nan.

Abu na biyu, kuma shi ne ya raba ƙaramar amfilifaya ta kirki da ta banza, shi ne yadda take yi idan om ya sauka. Om 6 da aka rubuta wa sifikarka suna ne kawai. A zahiri lambar tana hawa da sauka gwargwadon sautin da ke wucewa: a wani yanki ta haura 20, a wani, galibi tsakanin bes da tsakiyar sauti, ta faɗo. Ƙa'idar IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, ta ce kada ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta, wato 4.8 ga mai om 6, amma ba kowane kamfani ke bi ba, kuma akwai sifikokin da ke taɓa om 3. Duk lokacin da om ya sauka, sifikar na jan wuta da yawa. Wat 50 a kan om 8 bolt 20 ne da amfiya 2 da rabi. Idan om ya koma 4, don a riƙe wannan bolt 20 ɗin sai an ba da amfiya 5, wato wat 100. A om 3 kusan amfiya 7. Amfilifayar da taransifomarta ƙarama ce, ko taransistocinta ba su da yawa, a nan take sarewa: bes ya yi laushi, ganga ta rasa nauyinta, ko na'urar kariya ta kashe ta.

Don haka ka nemi lambobi biyu, na om 8 da na om 4. Wadda ta cika ciki za ta kusan ninkawa, 50 ta koma 90 ko 100. Wadda ta ba da 75 ko 80 ta yi kyau, za ta riƙe sifikokinka. Wadda ta ba da 55, ko wadda aka ƙi faɗin lambarta ta om 4, ko aka rubuta a bayanta kada a haɗa ƙasa da om 8, bar ta. Ni a wajena mai wat 50 da ke kai 85 a om 4 ta fi mai wat 90 da ke tsayawa a 100. Tarihi ma ya nuna haka. NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda Bjørn Erik Edvardsen ya tsara, wat 20 kawai aka rubuta mata a kowane ɓangare, amma ta yi suna ne saboda tana jure sifikoki masu ƙaramin om kuma tana da rarar ƙarfi na ɗan lokaci, har ta shiga cikin amfilifayoyin da aka fi saya a tarihin wannan harka. Quad 303 ta 1967 wat 45 ce, kuma ta yi shekaru tana aiki a gidaje da ɗakunan watsa shirye-shirye. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai maganar da za ka ji, cewa ƙaramar amfilifaya na ƙona sifika. Akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ake faɗa ba. Kowace amfilifaya tana da rufin bolt da ba ta iya wucewa. Idan aka matsa mata ta wuce, sai ta datse kan sautin. Mai sauraro ya ji ba ta ƙara ƙarfi yadda yake so, ya ƙara murɗawa: bes ya riga ya bugi rufi ba ya ƙaruwa, amma siririn sauti yana ci gaba da hawa, ga kuma ƙarin ƙarar da datsewar kanta ke haifarwa, duk suna zuba a kan tuwita, ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, wadda wayarta siririya ce da ba ta jure wat da yawa. Sai ta ƙone. Laifin ba na ƙanƙantar ba ne, na tura ta inda ba ta kai ba ne. Alamarsa a fili take: sauti ya yi kaushi, ya yi tsini, kiɗan ya cunkushe. Da ka ji haka, rage. Sannan lambar da aka rubuta a bayan sifika, misali wat 150, ba abin da take buƙata ba ne, iyakar abin da take iya ɗauka ne. Ba dole amfilifaya ta kai wannan lambar ba.

Yanzu kalmar "ƙarama". A tambayarka abu biyu ne suka haɗu: ƙarancin wat da ƙanƙantar jiki. A da tafiyarsu ɗaya, yanzu sun rabu. Kokenka na nauyi ne da zafi da wuri, ba na yawan wat ba, don haka ajin amfilifayar ya shafe ka sosai.

Ajin A shi ne mafi zafi. Taransistocinsa a buɗe suke koyaushe, ko da kiɗa ko babu. Mai wat 25 a kowane ɓangare, irin waɗanda Nelson Pass ke yi da sunan First Watt, tana jan sama da wat 100 daga bango muddin tana kunne, kusan duka ya zama zafi. Na'urori ne masu kyau, amma wanda ya gudu daga zafi bai kamata ya nufi nan ba. Masu kwalba, wato masu aiki da bututun gilashi maimakon taransista, su ma haka. Mai kwalbar 300B guda ɗaya a kowane ɓangare tana ba da kimanin wat 8, kuma da sifika mai 95 dB zuwa sama ake jin daɗinta, ba mai 87 ba.

Ajin AB shi ne wanda aka fi sani, kuma kusan tabbas babbar taka shi ce. A cikar aiki yana mayar da wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku na wutar da ya sha zuwa sauti. Mai wat 50 ko 60 a wannan aji tana zuwa da madaidaicin jiki, ɗumi kaɗan, kuma kowane ƙwararren mai gyara ya san cikinta, kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Wannan fa'ida ce babba ga wanda ke son na'ura ta yi masa shekara ashirin.

Ajin D, wanda D ɗinsa harafi ne kawai da ya biyo C, yana aiki ne ta kunna taransista da kashe ta sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, sannan a tace abin da ya fito. Yana kai kashi 90 cikin 100 na amfani da wuta, don haka ba ya buƙatar manyan haƙarƙarin alminiyam na sanyaya, kuma yawanci ba ya zuwa da babbar taransifoma. Na farko-farko sun bar mummunan suna, kuma sun cancanci wani ɓangare na sunan: siririn sautinsu yakan canza gwargwadon om ɗin sifikar da aka haɗa. An magance wannan a ƙirar da ke ɗauko gyaran kuskure daga bayan matatar, hanyar da injiniyan Beljiyam Bruno Putzeys ya yi fice da ita, tun daga UcD a Philips, zuwa Ncore a kamfanin Hypex na Holan, zuwa Purifi a Denmak. Akwai kuma ICEpower, wanda ya samo asali daga kamfanin Bang & Olufsen. Kamfanoni da yawa suna sayen waɗannan allunan su saka a akwatinsu. Da irin wannan za ka iya samun wat 100 ko fiye a akwatin da za ka ɗauka da hannu ɗaya, kuma a ma'auni suna cikin mafi tsabtar amfilifayoyin da ake da su. Idan awonka ya nuna kana buƙatar wat da yawa, nan ne mafitarka: ka rage jiki ba tare da ka rage ƙarfi ba.

Sai ƙananan nan masu araha da ake ginawa a kan guntun TPA3255 na Texas Instruments, waɗanda ke zuwa da adafta a waje. Ba na raina su, da yawansu suna aiki mai kyau. Amma wat 300 sau biyu da ake rubuta musu iyakar guntun ne a kan om 4, da babban bolt, da gurɓatar kashi 10. Adaftar da ke cikin kwalin ita ke faɗin gaskiya. Idan an rubuta mata bolt 32 da amfiya 5, duk abin da take iya bayarwa wat 160 ne, na ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Kuma bolt 32 ba zai iya ba da fiye da wat 64 a kan om 8 ba ko a takarda, a aikace wajen 50 ne. Wannan ya isa buƙatarka, amma ka saye ta da sanin mai wat 50 ka saya. Ka kuma duba ko tana da gyaran bayan matata da na ambata, domin ba duka ke da shi ba.

Akwai abin da ya fi damun mai ƙaramin ɗaki fiye da ƙololuwar ƙarfi, kuma ba a cika maganarsa ba: shirun amfilifaya. Tunda kusan duk sauraronka a ƙasa da wat 1 yake, tsabtar wannan wat na farko ita kake ji kullum. Kunna ta ba kiɗa, ka kai kunne kusa da tuwita. Ɗan huci da ke ɓacewa da ka ja baya taku ɗaya ba komai ba ne. Wanda ke kai wa kujera, ko gunjin da ke fitowa daga sifika ko daga jikin taransifoma, zai dame ka da dare. Kamfanoni sukan auna tazarar da ke tsakanin sauti da hayaniya a cikar ƙarfi domin lambar ta yi girma. Idan an ba da ta wat 1, ita ta fi amfani wajen kwatanta na'urori biyu.

Wannan yana da alaƙa da yawan ninkin da amfilifaya ke yi wa abin da aka ba ta. Yawancinsu suna tsakanin desibel 26 da 29, wato ninki 20 zuwa 28. Wat 60 a om 8 kusan bolt 22 ne. Mai ninki 20 za ta cika da bolt 1.1 daga firi'am, mai ninki 28 da ƙasa da bolt 0.8. Na'urorin CD da DAC (mai mayar da sautin dijital ya zama wutar da amfilifaya ke karɓa) na yau suna fitar da bolt 2 ta mahaɗin waya na RCA, da yawa kuma bolt 4 ta mahaɗin XLR, tun kafin firi'am ya ƙara nasa. Sakamakon shi ne ninki ya yi yawa: da ka ɗan taɓa maɓalli sauti ya cika ɗaki, ka rasa wurin daidaitawa, kuma hucin firi'am ya fito fili. Mutane kan ɗauka wannan alamar ƙarfi ce, ba ita ba ce, matsayin maɓalli ba ya nuna wat. Idan ka samu wadda ke da zaɓin rage ninki a bayanta, ka ba ta fifiko. Ka kuma tabbatar om ɗin mashigarta ya ninka na mafitar firi'am ɗinka aƙalla sau goma. Wannan ya fi zama matsala idan firi'am ɗin mai kwalba ne, domin wasu allunan ajin D mashigarsu ba ta da om mai yawa.

Lambar da ake tallatawa ta yadda amfilifaya ke riƙe wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da bes, wadda za ka ga 200 ko 1,000, kada ta ɗauke maka hankali. Da ta wuce kamar 50, wayar sifika da naɗin wayar da ke cikin wufar kanta sun fi ta tasiri.

Idan kana da sabwufa, wato akwatin bes mai zurfi na daban, mai amfilifayarta, ko kana tunanin saye, lissafin ya ƙara sauƙi. Bes mai zurfi ne ke cin kaso mai yawa na wuta. Idan aka yanke abin da ke ƙasa da hatz 80 daga manyan sifikoki aka miƙa wa sabwufar, ƙaramar amfilifaya ta samu sarari, wufofin sifikokin ma sun huta. Amma sai an yanke ɗin da gaske kafin sautin ya shiga amfilifaya. Haɗa sabwufa kawai ba ya rage mata kaya. Kuma a kula: da yawa daga cikin ajin D, da duk wadda aka haɗa ɓangarorinta biyu gada don su tura sifika ɗaya, baƙin bakinta shi ma yana ɗauke da wuta kamar jan. Kada a haɗa baƙaƙen biyu wuri ɗaya, kuma kafin ka ja waya daga nan zuwa sabwufa, karanta littafin na'urorin biyu.

Idan ta hannu za ka saya, wadda ta haura shekara 20 ko 30, ka sa a ranka kafasitocinta na iya buƙatar canji, domin ruwan cikinsu na bushewa. Kafin ka haɗa sifikokinka, kunna ta, bar ta ta ɗan yi ɗumi, ka auna bolt na DC a bakunan sifika ba tare da kiɗa ba. Ƙasa da milibolt 50 lafiya, ɗaruruwa kuwa sai mai gyara ya duba. Mai kwalba ba a kunna ta babu sifika, wannan gwajin na masu taransista ne. Duba kuma bolt ɗin wutar da aka ƙera ta dominsa, 110 zuwa 120 ne ko 220 zuwa 240. Sabuwa ko tsohuwa, ta kasance tana da kariyar da ke yanke sifika idan wani abu ya lalace a ciki, kuma ko ƙarama ce a bar mata iska ta sama da gefe.

Lokacin da za ka kwatanta sabuwar da tsohuwar, yi amfani da mitar nan da sautin gwajin ka daidaita su su ba da bolt ɗaya a bakin sifika, bambancin kada ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100. Wadda ta ɗara da ko rabin desibel za ta yi kamar ta fi armashi da cika, kuma kunne ba zai gane cewa ƙarfi ne kawai ya bambanta ba. Yawancin hukuncin "babbar ta fi nauyin sauti" daga nan yake fitowa.

Shawarata gare ka: kada ka sayar da babbar sai ka yi awon. Idan mitar ta nuna bolt 4 ko ƙasa, nemi ajin AB ko ajin D mai wat 50 zuwa 60 a om 8 da aƙalla 75 ko 80 a om 4, mai shiru, mai madaidaicin ninki, daga wanda zai yarda ka mayar idan ba ta dace da kayanka ba. Idan ta nuna 5 zuwa 6, ko kana da niyyar komawa sifikoki masu 84 ko 85 dB, tsallake zuwa ajin D mai wat 100 zuwa 150 daga ƙirar da na ambata. Idan kuwa ta haura bolt 7 a wannan ƙaramin ɗakin, sake awon, ka tabbatar babu wani maɓallin murya a kwamfuta ko waya da ya canza tsakanin waƙar da sautin gwajin, kuma ka duba ƙarfin sautin a kujerarka da ma'aunin desibel kafin ka sayi komai.